Abin Da Ke Sa Karyayyen Ƙashi Ya Haɗe

Editan wannan mujalla tamu ya daɗe yana bina bashin rubutu. Kullum muka gamu a bakin ɗakin malamai sai ya ce, "Malam, shafin Hausa fa yana jiranka." To, yau ga ni na zo biya. Maganar da zan yi kuwa ta ƙashi ce, da wani ɗan mitsitsin abu da ke cikinsa, wanda masana suka koyi yinsa da kansu a ɗakin gwaje-gwaje. Wahala ce ta gida ta sa na shiga neman sanin wannan abu, shi ya sa zan fara da ita.

Shekarun baya ƙanena ya faɗi da babur, ƙwaurinsa na dama ya karye har ƙashin ya huda fata. Aka kai shi asibiti, aka wanke ciwon, aka sa masa ƙarfe. Wata uku, wata shida, har wata tara, duk sa'ad da aka ɗauki hoton ƙafar sai a ga tsagin yana nan tsakanin ƙashi da ƙashi. Ga shi da mata da 'ya'ya uku, ba ya iya taka ƙafa, balle ya fita nema. Likita ya ce sai an sake aiki, a ɓantaro ƙashi kaɗan daga ƙugunsa a cusa a wurin karayar. Da Baffanmu ya ji haka sai ya ce atafau ba za a ƙara yanka yaron nan ba. Wai wani ya gaya masa akwai magani a ƙasar waje wanda ke tsirar da ƙashi, in ta kama a sayar da gonar gado a sayo shi. Ya dube ni ya ce, "Kai ne ɗan boko, kai ke koya wa mutane kimiyya. Je ka bincika mana." Na ce, "To, Baffa." Abin da na samo ke nan zan gaya muku.

Ƙashi ba dutse ba ne

Kafin mu kai ga maganin Baffa, sai mun san ƙashin kansa. Yawancinmu ƙashin da muka sani shi ne wanda muka tsotse muka jefa wa kare, busasshe, matacce. Na jikin mai rai ba haka ya ke ba. Yana da jijiyoyin jini, yana cin abinci, yana girma, in ya tsufa kuma a sake shi. Baligi yana da ƙasusuwa 206. Jariri ya fi haka, domin waɗansu nasa sai ya girma su ke haɗewa su zama ɗaya.

Abu biyu ne suka haɗu suka yi ƙashi, kuma kowane malami yana iya nuna wa yara wannan ba tare da an kashe kuɗi ba. Ku sami ƙashin cinyar kaza guda biyu. Ɗaya ku jefa shi cikin kwalbar ruwan tsamin nan da a ke kira binega, ku rufe, ku bar shi kamar mako guda ko fiye, kuna sake masa ruwa. Ɗayan ku sa shi cikin garwashi ya ƙone sosai. Na cikin binega za ku tarar ya yi laushi yana lanƙwasuwa kamar roba. Na wuta kuwa siffarsa tana nan, amma kuna matsa shi sai ya marmashe. Dalili shi ne tsami ya cinye gishirin da ke ba ƙashi tauri, watau kalsiyam da fosfet, wanda ya kai kusan kashi 2 cikin 3 na nauyinsa, ya bar zare. Wuta kuma ta cinye zaren ta bar gishirin. Zaren nan sunansa kolajin, shi ne kuwa ke sa romon ƙafar saniya ya daskare in ya kwana. Kun ga kamar tubalin ƙasa ke nan da aka kwaɓa da ciyawa, ƙasa ta ba shi tauri, ciyawa ta hana shi tsagewa.

In aka duba da madubin likita, za a ga dukan jikin mai rai an gina shi ne da waɗansu 'yan ƙwayoyi masu rai da a ke kira sel. A cikin ƙashi akwai iri biyu da ya kamata mu sani. Akwai magina, masu shimfiɗa kolajin su zuba masa gishiri. Akwai kuma masu rushewa, waɗanda ke cinye tsohon ƙashi. Dare da rana su ke aiki, har ya zama kowace shekara a kan rushe kamar kashi 1 cikin 10 na ƙashin baligi a sake gina shi.

Sa'ad da ƙashi ya karye, jini ne ke fara taruwa ya daskare a wurin. Cikin 'yan makonni sai guringuntsi ya tsiro ya riƙe ɓangarorin biyu, sa'an nan magina su mai da guringuntsin nan ƙashi, ya yi ƙulu. Daga baya masu rushewa su bi su sassaƙe ƙulun, har wurin ya koma kamar dā. Aikin maɗori da na likita a nan ɗaya ne, su daidaita ƙashin, su hana shi motsi. Haɗewar kuwa jiki ne ke yinta.

To, wa ke gaya wa magina ga inda aka sami ɓarna? Kuma ina a ke samo sababbin magina masu yawa haka cikin 'yan kwanaki?

Gwajin Dokta Urist

Wani likitan ƙashi na Amurka, Marshall Urist, wanda ya yi aiki a Jami'ar Kalifoniya ta birnin Los Anjelis, shi ya buɗe wannan ƙofa. Abin da ya yi bai yi nisa da gwajinmu na ƙashin kaza ba. Ya ɗauki ƙashi ya jiƙa shi cikin asid har gishirin ya fita, ƙwayoyin sel na ciki duk sun mutu, sai saƙar zare kawai ta rage. Sa'an nan ya tsaga tsokar zomo da ta ɓera, inda babu ƙashi ko kaɗan, ya cusa guntun nan ya ɗinke. Bayan 'yan makonni ya buɗe, sai ga sabon ƙashi mai rai ya tsiro a tsakiyar tsoka, har da ɓargonsa. Ya buga labarin wannan gwaji cikin shekarar 1965.

Ku lura da abin mamakin da ke nan. Abin da ya dasa matacce ne, ba shi ne ya girma ba. Ƙwayoyin sel na zomon ne suka taru a wurin suka bar sana'arsu ta dā suka zama magina. Ashe ke nan akwai wani abu ɓoye cikin saƙar ƙashi wanda ke ba da umurni, gishiri ya rufe shi, sai ƙashi ya karye ko an narkar da gishirin ya ke fitowa. Cikin 1971 Urist ya sa wa abin nan suna, furotin mai siffanta ƙashi, wanda a ke taƙaitawa da haruffa uku, BMP. Ya raɗa masa suna tun bai taɓa riƙe shi tsantsa a hannu ba.

Kun san furotin daga darasin abinci, na wake da nama da ƙwai. Amma furotin iri-iri ne, dubbai. Kowannensu kamar jigida ya ke, an shirya shi da duwatsu iri 20 da a ke kira amino asid, kuma yadda aka jera duwatsun shi ke bambanta wannan da wancan. Waɗansu kayan gini ne, kamar kolajin. Waɗansu kuwa 'yan aike ne. Ƙwayar sel tana da abin da za mu iya kira kunnuwa a bayanta, kowane kunne da irin ɗan aiken da ya ke saurara. BMP ɗan aike ne. In ya sauka a kunnen sel ɗin da ba ta riga ta kama sana'a ba, sai saƙo ya shiga ciki cewa ta zama magini.

Wahalar ita ce ƙarancinsa. Ku ɗauki giram ɗaya ku raba shi gida miliyan, kowane kashi shi ne maikirogiram. To, kilo guda na ƙashin saniya 'yan maikirogiram kaɗan ya ke bayarwa. Masu bincike suka yi ta kwasar ƙashi daga mayanka, suna niƙawa suna tacewa, fiye da shekara ashirin. Abin da su ke samu kuma kullum da gauraye, in ƙashi ya tsiro ba su san wanne ne cikin gaurayen ya yi aikin ba.

Furotin ɗan aure

Hanyar fita ta zo ne daga wani fanni dabam. A cikin kowace ƙwayar sel akwai wani dogon zare da a ke kira DNA. Ku ɗauke shi kamar littafin gado, kowane furotin da nasa babin a ciki, inda aka rubuta yadda za a jera duwatsunsa. Rubutun nan iri ɗaya ne ga mutum da saniya da ɓera, har da ƙwayar bakteriya. Saboda haka in ka ba bakteriya babi daga littafin mutum, tana iya karantawa.

Cikin 1973 waɗansu masana biyu na Kalifoniya, Stanley Cohen da Herbert Boyer, suka nuna yadda za a yanko guntun DNA a liƙa shi cikin wani ɗan zoben DNA da bakteriya ke ɗauke da shi, a mai da zoben cikinta, ta yi ta haihuwa da shi. Duk wanda ya taɓa ganin mai lambu yana yi wa mangwaro aure ya gane wannan. A kan yanko reshen mai daɗi a ɗaura a jikin wata bishiya, saiwa tata ce, 'ya'yan kuwa na mai reshen ne. Furotin da aka samu ta wannan hanya masana na ce masa rikombinan, ni kuwa a aji na kan ce furotin ɗan aure. Na farko da ya shiga kasuwa shi ne insulin na masu ciwon sukari, wanda aka yarda a yi amfani da shi cikin 1982.

Na ƙashi ya biyo baya cikin 1988. A wani kamfani mai suna Genetics Institute, a jihar Masacusets ta Amurka, Elizabeth Wang da abokan aikinta suka tace ɗan abin da za su iya daga ƙashin shanu, suka karanta jerin duwatsun waɗansu guntayensa. Da wannan John Wozney da sauransu suka lalubo babin a littafin saniya, sa'an nan a na mutum. Sai suka tarar ashe BMP dangi ne, suka sa musu lamba. Yau an san kusan 20. Cikin 1990 suka nuna cewa BMP-2 ɗan aure, shi kaɗai ba gauraye, ya isa ya tsirar da ƙashi a jikin ɓera. Wanda suka sa wa lamba 1 kuwa daga baya aka gane ba ɗan dangin ba ne, wani furotin ne mai datse kolajin wanda ya biyo ayari wajen tacewa.

Iri biyu ne masu yi mana wannan ƙwadago. Akwai bakteriyar nan ta hanji, E. coli, wadda in ta sami abinci da ɗumi ta kan rabu biyu kowane minti 20. Tana da araha, tana da sauri, amma BMP ɗin da ta ke yi ya kan fito a cukurkuɗe, sai an warware shi an sake naɗe shi kafin ya yi aiki, domin BMP-2 jigida biyu ne manne da juna, kowace da duwatsu 114, in naɗin bai yi daidai ba kunnen sel ba ya jinsa. Akwai kuma ƙwayoyin sel na wani ɗan ɓeran ƙasar Sin da a ke kira hamsta. Cikin 1957 wani masani, Theodore Puck, ya ɗebo su daga mahaifar ƙwan dabbar ya raya su a faranti, jikokinsu ne kuwa a ke kiwo har yau cikin manyan tankunan ƙarfe. Su sun fi tsada, amma suna naɗe furotin kamar yadda jikin mutum ke yi.

Yadda a ke aiki da shi a ɗakin gwaje-gwaje

Mai bincike ya kan sayi BMP-2 cikin 'yar kwalba wadda ba ta kai ɗan yatsa ba, a ciki akwai kamar maikirogiram 10, busasshe, da ƙyar ido ke ganinsa. Ya narkar da shi, ya ajiye cikin sanyi, ya riƙa ɗiban ɗigo. Ƙwayoyin sel kuwa yana kiwonsu cikin faranti mai ramuka, a cikin wani akwati mai ɗumin jikin mutum, watau digiri 37.

Ga misalin da ya fi shahara. Akwai wani irin sel na tsokar ɓera da a ke kira C2C12. In an bar su, sai su haɗu su zama zaren tsoka. Cikin 1994 Takenobu Katagiri da abokan aikinsa a Japan suka zuba musu BMP-2 ɗan aure, sai suka fasa zama tsoka, suka fara fitar da alamun magina ƙashi. Watau abin da Urist ya gani a jikin zomo, ga shi yanzu cikin faranti inda a ke iya kallonsa kullum. Har yau da waɗannan sel a kan gwada ko sabuwar kwalbar BMP tana da ƙarfi. Da sel na ɓargo kuwa a kan jira mako biyu zuwa uku, sa'an nan a zuba wani jan rini mai suna alizarin, wanda ke kama kalsiyam. Ramin da aka yi gini sai ya yi ja, wanda ba a yi ba ya zauna fari.

Abin da na ke so ɗalibanmu su riƙe shi ne, ba a taɓa zuba furotin a dukan ramuka. Kullum a kan bar jeri guda ba a ba shi kome ba. In duka suka yi ja, to, ba furotin ne ya yi aikin ba. Haka kuma a kan yi da dabba. An san in aka huda rami mai faɗin milimita 8 a ƙoƙon kan ɓera, ba ya rufewa da kansa. Sai a sa wa waɗansu soso jiƙe da BMP, waɗansu kuma soso zalla, a jira, a gwada.

Da irin wannan haƙuri aka gano abubuwa da dama. An gano jiki yana da masu tare ɗan aiken nan a hanya. Ɗaya daga cikinsu sunansa nogin, an same shi cikin 1992 a ƙwan kwaɗo. Ɓeran da aka cire wa babin nogin, guringuntsinsa ya kan yi yawa, gaɓoɓinsa su manne, ba gwiwa ba idon sawu. Ke nan hana ƙashi tsiro a inda bai kamata ba, shi ma aiki ne babba. Cikin 2006 kuma masana a Jami'ar Habad suka cire babin BMP-2 daga ƙafafun ɓera kawai. Aka haifi 'ya'yan da ƙashinsu, amma in ya karye ba ya ko fara haɗewa. Masu rushewa ma an sami nasu ɗan aiken, RANKL, wajen 1997 da 1998. Da ɗan aurensa a ke raya su a faranti, daga nan ne kuma aka sami wata allura ta masu zaizayar ƙashi, wadda aka yarda da ita cikin 2010.

Akwai wata cuta da ke nuna abin da ke faruwa in umurnin nan ya ɓace hanya. Ba ta da yawa, kamar mutum ɗaya cikin miliyan ɗaya ko biyu. Mai ita, tsokarsa da jijiyoyinsa su kan riƙa zama ƙashi, ko ɗan bugu ya samu sai wurin ya kumbura ya sandare. Wani Ba'amurke, Harry Eastlake, ya rasu da ita cikin 1973 yana gab da cika shekara 40, ba abin da ya ke iya motsawa sai leɓɓansa. Ya bar wasiyya a ajiye ƙasusuwansa don masu ilmi, suna nan a wani gidan tarihi na likitoci a birnin Filadalfiya. Cikin 2006 Eileen Shore da Frederick Kaplan na Jami'ar Fensilbaniya suka gano aibin yana cikin ɗaya daga kunnuwan da ke sauraron BMP. Cikin 2015 aka ƙara ganowa, ta hanyar gwada furotin 'yan aure ɗaya bayan ɗaya a kan sel masu aibin, cewa kunnen nan yana jin wani ɗan aike dabam mai suna aktibin, ya ɗauka umurnin gini ne.

Daga faranti zuwa gadon asibiti

Yanzu mun iso ga maganin Baffa. Akwai shi, wanda ya gaya masa bai yi ƙarya ba. Cikin 2002 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yarda wa kamfanin Medtronic ya sayar da BMP-2 ɗan aure, da sunan Infuse, don haɗa ƙasusuwan gadon baya ta ƙasa. Ba sha a ke yi ba, ba kuma allura ba. Sai an tsaga, a jiƙa soson kolajin da shi a ajiye a wurin. An kuma gwada shi a kan mutum 450 a ƙasashe 11, masu karayar ƙwauri wadda ta huda fata, aka ga waɗanda aka sa wa ba su cika bukatar aiki na biyu ba kamar sauran. Saboda haka cikin 2004 aka yarda da shi don irin wannan karaya tun tana sabuwa.

Amma mutum ba ɓera ba ne. Abin da ke isar ɓera ba ya motsa ƙashin mutum, sai an zuba da yawa. Babban kwali ɗaya na Infuse yana da miligiram 12, wanda in daga ƙashin shanu za a tato shi sai an niƙa dubban kilo. Jiki bai saba da irin wannan ihu ba. Likitoci kuma suka shiga sa shi a wuraren da ba a gwada ba. Cikin 2008 hukumar ta yi gargaɗi, domin ta sami rahoto 38 na waɗanda aka sa wa a ƙashin wuya, wuyan ya kumbura har numfashi ko haɗiya ya yi wuya. Waɗansu kuma ƙashi ya tsiro musu inda ya danne jijiya.

Cikin 2011 Eugene Carragee, likita a Jami'ar Sitanfod kuma editan wata mujallar likitocin gadon baya, ya sake duba rahotanni 13 na farko waɗanda kamfani ya ɗauki nauyinsu, na marasa lafiya 780. Ko ɗaya bai ambaci illar maganin ba. Shi da abokansa suka ce illar ta ninka abin da aka faɗa sau 10 zuwa 50. Kamfanin ya miƙa dukan takardunsa ga Jami'ar Yel, ita kuma ta ba ƙungiyoyi biyu, ɗaya a Ingila ɗaya a Amurka, kowace ta duba ita kaɗai. Cikin 2013 suka ba da sakamako. A aikin gadon baya, maganin bai nuna wani fifiko mai yawa a kan ƙashin da a ke ɓantarowa daga ƙugun mai ciwon ba.

Ga irin matsalar ƙanena kuwa, watau tsohuwar karayar ƙwauri da ta ƙi haɗewa, ɗan'uwansa BMP-7 aka gwada, aka buga sakamakon cikin 2001. An sa wa rabi furotin, rabi ƙashin ƙugu, aka ga sun warke kusan daidai. Amfaninsa dai shi ne ya hutar da mutum ciwon ƙugu. Shi ma daga baya an daina sayar da shi.

Na koma wurin likitanmu da waɗannan abubuwa a rubuce. Ya karanta, ya yi murmushi ya ce, "Malam, ai abin da ka ke nema a ƙasar waje yana nan cikin ƙugun ƙanenka. Ƙashin da zan ɗebo yana da ɗan aiken, yana da maginan, yana kuma da saƙar da za su hau. Na kwalba ɗan aiken kawai ke ciki." Ya ƙara da cewa abin da ya fi hana karaya haɗewa shi ne motsi, da ƙwayoyin cuta a ciwon, da rashin isasshen jini a wurin, da shan taba. Ƙanena kuwa yana shan taba a ɓoye, ranar asirinsa ya tonu.

Na je na zauna gaban Baffa na ce, "Baffa, maganin akwai shi, kuɗinsa dubban daloli ne. Amma ko an sayo shi sai an tsaga ƙafar, kuma waɗanda suka gwada sun ce bai fi nasa na jiki ba." Ya yi shiru, can ya ce, "To, ku yi abin da ya fi." Aka yi aiki. Ƙugun ya dame shi wajen wata biyu, yana cewa, "Yaya, wannan ya fi ƙafar zafi." Bayan wata biyar hoto ya nuna tsagin ya cike. Yau yana tafiya da ɗan ɗingishi, gonar kuma tana nan, bana ma an sami doya.

Kada wani ya karanta wannan ya ce furotin ɗan aure aikin banza ne. Da ba don shi ba, da har yanzu muna kan tambayar da Urist ya bari cikin 1965. Shi ne ya ba masu bincike abu tsantsa, mai awo, wanda na yau da na gobe duk ɗaya ne, wanda mai aiki a Japan da mai aiki a Afirka ta Kudu za su zuba su gwada sakamakonsu. Yawancin abin da aka sani yau game da yadda ƙashi ke ginuwa, ta hannunsa aka sani. Har yanzu kuma likitoci suna amfani da shi a inda ya dace, masu bincike kuwa suna neman irin soson da zai riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan, don a rage yawan da a ke zubawa.

Ku kuma ɗalibai da za ku fita koyarwar gwaji a zango mai zuwa, ga roƙona. In kun zo darasin ƙashi, kada ku tsaya ga zana ƙwarangwal a allo yara su haddace 206. Ku sa su kawo ƙashin kaza, ku nemi binega a kanti. Ku jiƙa ɗaya a binega, ɗaya a ruwa zalla, ku bar yaran su faɗi dalilin da ya sa aka yi kwalba biyu. Ku gaya musu kuma, karayar da ta huda fata ta asibiti ce tun ranar farko, kuma ɗaurin da ya sa yatsu suka yi sanyi ko suka yi baƙi a kwance shi nan da nan a nemi likita. Wanda ya ke son ganin ƙashin da ya lanƙwashe, akwai guda biyu cikin kwalba a ɗakin kimiyya, a kan kanta ta kusa da taga. Sai ya zo ran Laraba bayan an tashi.